Shirin kai Inna Bahar Maliya: masauki, ajiyar mota da abin hawa

Juma'a, 10 ga Oktoba, 2025

Zan riƙa rubuta yadda shirin tafiyarmu yake gudana, ko wani daga cikin mutanen yankinmu na Gumel zai amfana wata rana. Mu uku ne, ni da uwargida da Inna. Niyyarmu umara a farkon Disamba, in Allah ya nufa mun kammala sai mu gangara Jidda mu hau jirgin ruwan shaƙatawa, mu yi kwana uku a kan Bahar Maliya.

Maganar tekun daga Inna ta fito. Mahaifinta ya yi aikin hajji ta ƙasa tun kafin a ba da mulkin kai. Ya bi ta Maiduguri da Fallomi, wato Injamena ta yau, ya shiga Sudan ya yi ƙwadago a gonakin auduga har ya tara kuɗin jirgi, sannan ya tsallaka daga Sawakin zuwa Jidda. Ita kuma ta je hajji ta sama ta dawo ta sama, ba ta taɓa ganin ruwan da mahaifinta ya tsallaka ba. Tun bara take faɗa, bana kuwa riɗi ya yi albarka, na ga ba ni da hujjar ƙara jinkirtawa.

Jirgin sunansa Aroya, na Saudiyya ne, ya fara aiki daga Jidda a Disamban 2024. Tsawonsa mita 335, yana ɗaukar fasinja sama da 3,000. Babu giya babu caca a ciki, abinci halal ne, akwai wurin salla. Da ba haka yake ba, da ko tayar da maganar ba zan yi ba.

Biza, tikitin sama da masaukin Makka da Madina da Jidda duk suna hannun ejan a Kano. Abin da ya rage a wuyana shi ne inda za mu kwana a Kano, inda zan bar mota, da yadda za a riƙa ɗaukar tsohuwa mai ciwon gwiwa daga wannan wuri zuwa wancan ba tare da ta wahala ba.

Talata, 14 ga Oktoba

An duba fasfo. Na Inna da nawa suna da sauran lokaci fiye da wata shida da ake buƙata, na uwargida sabo ne. Ranar Litinin za mu je allurar sanƙarau, domin sai ta kwana goma a jiki kafin a shiga Saudiyya. Katin allurar shawara yana nan.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na tsaya a kasuwar Gujungu na yi magana da direbobi kan shata. Daga ƙofar gidanmu zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, mafi sauƙin cikinsu ya ce naira 50,000, dawowa ma haka. In da ni kaɗai ne, motar haya zan shiga in sauka a tashar Yankaba in tari adaidaita sahu, an gama. Amma Inna tana son a tsaya mata a hanya ta miƙe ƙafa ta yi alwala a natse, ga kekenta na marasa lafiya, ga akwatuna. Ranar dawowa kuma ba wanda ya san ƙarfe nawa jirgi zai sauka, balle a ce direba ya taso daga Gumel ya zauna jira.

Na yanke shawarar tafiya da motata. Man zuwa da dawowa ba zai wuce naira 35,000 ba. Sai dai hakan ya haifar da wata tambayar, wato a ina za ta zauna a Kano har mu dawo.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na kai riɗi Dawanau jiya, na kwana, yau na ba neman wurin ajiyar mota yini guda.

Na fara da otal-otal ɗin da ke kusa da filin jirgi, ina ganin in mun kwana a wuri sai mu bar motar a nan. Na farko suka ce harabarsu ta masu kwana ce kawai. A na biyu, yaron da ke karɓar baƙi ya tura ni wurin maigadi, maigadi ya ce naira 2,000 kullum, a ba shi a hannu. Na ce a rubuta mini rasit da sunan otal ɗin, ya ce ai ba a yin haka, tsakanina da shi ne. Na tambaye shi in aka sauya masa wurin aiki kafin in dawo fa, wa zan riƙe? Ya yi shiru. Mutumin kirki ne a ganina, amma mota ba abin da za a bari a kan fatar baki ba ce har tsawon makonni.

Daga nan na wuce Kurna wurin Kawu. Tun kafin in gama bayani ya ce, "Haba ɗan nan, ina da gida a garin nan ka je kana roƙon masu gadi? Kawo ta nan." Na yi godiya, na ce, "Kawu, bari dai mu auna ƙofar." Na ciro igiyar ɗaurin buhu daga but, na auna faɗin motar daga madubi zuwa madubi na ƙulla alama, muka kai igiyar bakin ƙofa. Ƙullin ya wuce ginshiƙi da kamar taƙi guda. Ko an naɗe madubai, lungun ya matse, ga kwata a gefe, babu inda za a karya kan mota a shiga. Kawu ya ce a bar ta a waje, yaran unguwa za su sa ido. Na ba shi haƙuri. Ran Kawu bai so ba, sai da na yi masa alkawarin za mu kawo Inna ta ci tuwon dare a gidansa kafin mu tashi.

Na koma gida ba wurin ajiya. An kashe naira 6,500 a mai da abinci.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Kasuwar Maigatari. Ban taɓa maganar tafiya ba, sai dai na biya rabin kuɗin jirgin ruwa ta hannun ejan.

Talata, 4 ga Nuwamba

Yau ce ranar da ta fi tayar mini da hankali tun da aka fara.

Ejan ya turo takardar otal ɗin Jidda da ya kama mana, ya ce a bakin teku yake, kusa da inda jirage suke. Hotunan sun yi kyau ƙwarai. Sabis ba ya kamawa sosai a cikin gida, sai na hau tudun bayan makarantar firamare na buɗe taswirar waya na sa sunan unguwar. Abhur ce, can arewacin Jidda, gaba da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz. Jiragen da ake gani a hoton ƙananan kwale-kwalen masu kuɗi ne. Namu jirgin daga Tashar Musulunci ta Jidda yake tashi, ita kuwa tana kudu, daf da tsohon gari da ake kira Balad. Tsakanin wuraren biyu ya haura kilomita 30, kuma sai an ratsa tsakiyar birni.

Na kira shi na ce, "Alhaji, wannan masaukin bai yi ba." Ya ce ai Jidda duk Jidda ce, minti arba'in a mota. Na ce masa minti arba'in ɗin na ranar da hanya take a buɗe ne. Jirgin ruwa yana da lokacin da yake rufe karɓar fasinja tun kafin ya tashi, wanda ya makara kuma ba a jiransa, kuɗinsa ya tafi. In ka rasa jirgin sama akwai na gobe, wannan kuwa in ya bar gaɓa shi ke nan sai dai ka tsaya kana hangensa. Ban ɗauko tsohuwa tun daga Jigawa don in zo in yi tsere da cunkoson motoci a garin da ban sani ba.

Mun ɗan ja, daga baya ya yarda zai soke. An cire riyal 60 na sokewa daga kafin alƙalamin da aka bayar. Na ce ya bar mini maganar masaukin Jidda, ni zan nema.

A wannan kiran na sake tayar da maganar biza. Jirgin yana da tafiye-tafiye iri-iri, wasu suna zuwa Sharmul Shaik a Masar, wasu Akaba a Jodan, wasu kuma suna tsayawa a wani tsibiri na Saudiyya su juyo. Bizarmu ta shiga sau ɗaya ce, don haka tun farko na zaɓi tafiyar da ba ta taɓa wata ƙasa. Na ce ina son kamfanin jirgin ya rubuto a takarda cewa da irin bizarmu za a bar mu mu hau, kafin in cika sauran kuɗin. Duk wanda zai yi irin wannan tafiya, ina roƙonsa ya fara da wannan tambayar kafin ya fara kallon hoton ɗakuna.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Ɗan Goggo da ke aikin tuƙi a Jidda ya shiga maganar. Na tura masa sunayen otal uku da na gani a intanet a kewayen Balad, ya je da ƙafarsa ya duba. Zuwa da kai ya fi saƙo. Na farko, wanda ya fi araha, sai an hau matakala kafin a kai ga lifta, abin da hoto bai nuna ba. Na biyu banɗakinsa baho ne mai tsawo, Inna ba za ta iya ɗaga ƙafa ta shiga ba. Na ukun ya ɗauko mini bidiyo tun daga bakin titi har cikin banɗaki, ƙasa a shimfiɗe, ƙofa mai faɗin da keke zai wuce, ga masallaci a tsallake. Ya ce, "Yaya, wannan ne na Inna. Daga nan zuwa ƙofar tasha bai fi minti goma sha biyar ba."

Ɗaki mai gado uku riyal 320 ne a dare, kafin a ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da ake sa wa kaya da hidima a can. Mutum ya lura da wannan, don farashin da ake fara nuna maka wani lokaci ba shi ne na ƙarshe ba. Na ce a kama dare biyu kafin hawa jirgi da dare ɗaya bayan saukowa. Uwargida ta ce dare ɗaya ai ya isa. Na ce bayan ɗawafi da sa'ayi jikin Inna zai buƙaci yini guda na kwanciya, kuma in wani abu ya gitta a Makka muna da rarar lokaci. Ta yarda.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Katin bankina ya ƙi biyan otal ɗin. Na kira banki suka ce akwai iyakar abin da za a iya kashewa a waje da katin naira, kuɗin ya haura. Otal suka ce in ba a biya cikin kwana biyu ba za su saki ɗakin. Ɗan Goggo ya biya da nasa, ni kuma na tura wa mahaifiyarsa naira a nan gida a kan canjin ranar. Rasit ya iso ta WhatsApp da sunana daidai yadda yake a fasfo.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An samu wurin mota. Maigidana na Dawanau, wanda na fi shekara goma ina kai wa riɗi da zoɓo, ya ji labari a bakin yaransa. Da farko ya ce in ajiye a harabar sito, sai shi da kansa ya ce a'a, kaka ce, tireloli suna shiga suna fita dare da rana, wani zai goge ta. Ya ce in kai gidansa da ke wajen Dakata, akwai rumfa da ba kowa a ciki. Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa zan bayar?" Ya ce in na sake faɗar haka ransa zai ɓaci, in dai yi masa addu'a a Rauda. Wurin ya dace da mu, domin ta titin Haɗeja za mu shigo gari, kuma filin jirgi ba nisa. Direbansa zai kai mu, ranar dawowa ya ɗauko mu. Zan ba maigadin gidan da direban wani abu da hannuna.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Takardar kamfanin jirgin ruwa ta iso ta hannun ejan, na cika kuɗin. Sai na zauna kan zirga-zirgar cikin Saudiyya.

Daga Madina zuwa Makka ejan bas ya tanada, tafiyar da takan ci awa biyar zuwa shida. Na fitar da mu daga ciki na sayi tikitin jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018. Nisan layin kusan kilomita 450 ne, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, cikin awa biyu da rabi an isa. Mu uku riyal 500 da 'yan kai. Za mu yi wanka mu sa harami tun a masauki, mu ɗaura niyya in an zo daidai miƙati, wanda yake daf da fita Madina. Sharaɗinsa guda ne mai wuya ga mutanenmu, kowane fasinja akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba, sai 'yar jakar hannu. Saboda haka na ce ba za a sayi tsaraba a Madina ba in ban da dabino kaɗan. Sauran sayayya sai mun sauko daga jirgin ruwa, tunda kasuwannin Balad suna bayan masaukinmu.

Daga Makka zuwa Jidda kuwa jirgin ƙasan bai yi mana ba, duk da yana da tasha a Sulaimaniyya. Sai an ɗauki tasi daga otal zuwa tashar Rusaifa, a sauke kaya, a hau, a sauka, a sake neman wata tasin. Tafiyar kamar kilomita 80 ce, mota ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa ta fi wa Inna. Ɗan Goggo yana aiki ranar, amma ya haɗa ni da wani Bahaushe mai babbar mota a kan riyal 250. Ranar hawa jirgin ruwa kuwa ɗan Goggo da kansa zai kai mu tasha. Na sa manhajar Careem da Uber a waya saboda ko-ta-kwana.

Na ga a tarihin garin cewa Halifa Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, shi ya mayar da Jidda tashar Makka a shekara ta 26 bayan hijira, kuma an sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. In gwiwar Inna ta bari, zan tura ta a keke ta ga tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako.

Talata, 25 ga Nuwamba

Haɗa kaya. Na tarar Inna ta ƙulle goro a cikin ganye ta tura can ƙasan akwati, ga butar dafa shayi ta lantarki a kai. Na durƙusa na ce, "Inna, goro ba ya shiga Saudiyya, hukumar alhazai kullum tana gargaɗi a kai. Butar kuma ba a yarda da ita a ɗakin jirgin ruwa ba saboda gobara." Ta dube ni ta ce, "Mai sunan Baba, kai ma ka san ban iya wuni ba goro." Ba ta taɓa kiran sunana ba, kasancewata ɗan fari kuma sunan mahaifinta nake ɗauke da shi. Na ce ta ci iya cinta daga nan zuwa Kano, can kuma akwai dabino, shayi kuwa ko tsakar dare ta nema za a samu. Ta ciro ƙullin da kanta ta miƙa wa jikarta ta ce a raba wa maƙwabta.

Magungunanta na hawan jini da na gwiwa suna cikin kwalayensu na asali, tare da takardar likita. Suna jakar hannu da fasfo da kayan sawa na yini guda, domin a tashar ruwa ana karɓar manyan akwatuna tun a ƙofa, sai daga baya a kai su ɗaki.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Hazo ya sauko tun shekaranjiya, da safe ko bishiyar kukar bakin gari ba a hangowa. A irin wannan lokaci yakan jinkirta tashin jirage a Kano. Tsakanin tashinmu da ranar hawa jirgin ruwa akwai tazara mai yawa, don haka ko an yi jinkiri, kwanakin Madina ne za su ragu. Tikitin jirgin ƙasa ne kawai zan sa wa ido.

An yi wa mota juyen mai, an duba tayu. Na kama ɗaki biyu a wani ƙaramin otal kusa da titin filin jirgi, naira 30,000 kowanne, na ƙasa, ba hawa bene.

Litinin, 1 ga Disamba, Kano

Mun taso bayan sallar azahar, muka tsaya a Gujungu Inna ta huta, muka shigo gari kafin magariba. Na sauke su a masauki na wuce Dakata. Na shigar da motar ƙarƙashin rumfa, na cire kan batir na naɗe shi da tsumma, na ɗaga gilasai, muka ja tamfol ni da maigadi muka ɗaure shi ta ƙasa saboda ƙura. Mukulli ɗaya yana hannun maigida, ɗaya yana jakata. Na ɗauki hoton lambar mita a gabansa, shi ya ce in yi hakan.

An ci tuwo a Kurna kamar yadda aka yi alkawari. Kawu ya haɗa mu da saƙon addu'o'i da sunayen mutanen da za a gaisar.

Na biya ta Wapa na canji riyal 1,500 na kashewa, na raba gida biyu tsakanina da uwargida. Abin da masauki da zirga-zirga suka ci zuwa yau, ban da kuɗin ejan da na jirgin ruwa: otal ɗin Jidda riyal 1,104 da haraji, jirgin ƙasa riyal 500 da 'yan kai, riyal 60 na sokewa, kwanan Kano naira 60,000, mai da gyaran mota naira 58,000. Riyal 250 na motar Makka sai an isa za a biya.

Direban maigida zai zo ƙarfe shida na safe. Na nemi a tanadar wa Inna mai tura keke a filin jirgi, nan da can. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, na riga na rubuta wa uwargida lokutan shan maganin Inna a kan agogon can. In mun sauka zan sayi layin waya tun a filin jirgi, in kira mai motar Makka in tabbatar masa da rana, sannan in duba lokacin da aka rubuta mana na isa tashar ruwa in tura wa ɗan Goggo don ya nemi izini a wurin aikinsa da wuri.